Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Makomar Tseren Keke Bayan Ubangida Ya Janye

Gabatarwa

A watan Disamba na shekarar 2021, Hukumar Tseren Keke ta Duniya, wato UCI, ta hana ƙungiyar Qhubeka lasisin ci gaba da fafatawa a sahun farko na ƙwararrun masu tseren keke. Ita kaɗai ce ke ɗauke da tutar Afirka a wannan sahu. Ba a kama ta da maguɗi ba, ba ta kuma gaza a kan titi ba, domin watanni bakwai kacal kafin nan mahayanta sun lashe zango uku a gasar zagaye ƙasar Italiya, ɗaya daga cikin manyan gasanni uku na duniya. Laifinta guda ne: ta rasa kamfanin da zai biya kuɗi a rubuta sunansa a ƙirjin rigarta. Kafin shekarar ta fita an naɗe tabarma. Mahaya da makanikai da direbobi da masu dafa abinci, kowa ya kama gabansa.

Na karanta labarin ne a waya, ina zaune bisa benci a rumfar kawuna mai gyaran keke a nan Zuru. Ya tsaya mini a rai fiye da yadda ya kamata labarin wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu ya tsaya wa ɗan Zuru. Dalili kuwa shi ne na san irin wannan mutuwa. An yi ta a garinmu, da ni aka yi jana'izar, kuma ina cikin waɗanda suka jawo ta.

Abin da nake son kafa hujja a kansa a wannan maƙala shi ne: duk wasan da ya rataya a aljihun mutum ɗaya, kamfani ne shi ko attajiri ko gwamna, zanen aro ne, ranar da mai shi ya nemi abinsa kuwa a tsirara za a kwana. Masu kukan cewa tseren keke zai mutu saboda ubangida ya janye sun makara da kuka. Tun ranar da suka yarda ya zama na ubangida ya kamata su fara.

Tubalin toka

Kafin mai karatu ya yi mini hukunci, ya dace ya san yadda aka gina wannan sana'a. Gasar zagaye ƙasar Faransa, wadda ta fi kowace shahara, an ƙirƙiro ta ne a 1903, kuma wata jarida mai suna L'Auto ce ta ƙirƙiro ta domin ta ƙara ciniki. Ke nan da talla aka haifi wasan, a kan talla ya girma, har yau kuma nonon talla yake sha. Ana shafe mako uku ana tseren, zango 21, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 3,500. Miliyoyin mutane ke tsayawa a bakin titi suna kallo, amma babu mai biyan ko anini, domin ba a kafa wa titi ƙofa balle a sayar da tikiti. Kuɗin nuna gasar a talabijin kuwa, kamfanin da ya mallake ta, ASO, shi ke kwashe su. Ƙungiyoyin da mahayansu ke zubar da gumi, wani lokaci har da jini, ba su da wani kaso na a zo a gani a ciki.

To, ƙungiya ba ta da filin wasa, ba ta da kuɗin ƙofa, ba ta da na talabijin, alhali tana ɗauke da mahaya kusan 30 da tarin ma'aikata da motoci da kekuna masu tsadar gaske. Daga ina kuɗi za su fito? Daga wuri ɗaya: kamfanin da ya sayi sunanta. Nan ne gizo ke saƙa. Yaron da ke shiga gidan kallon ƙwallo a Zuru ya san Arsenal tana nan Arsenal ko wane kamfani ne a rigarta, ya san Kano Pillars ta Kanawa ce. Ƙungiyar keke kuwa ba ta da suna sai na mai ciyar da ita. In ya tafi, da sunan yake tafiya.

Misali ɗaya ya isa. Wani bankin ƙasar Holan mai suna Rabobank ya ɗauki nauyin wata ƙungiya tsawon shekara 17. A watan Oktoban 2012, bayan asirin Lance Armstrong na shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya tonu, bankin ya ce ya wanke hannunsa. Sai ƙungiyar ta shiga shekarar 2013 da sunan Blanco, ma'ana fari fat, domin babu kamfanin da ya sayi sunanta. Daga nan ta koma Belkin, ta koma LottoNL-Jumbo, ta koma Jumbo-Visma. A 2023 ta yi abin da ba a taɓa yi ba a tarihi: mahayanta uku, Primož Roglič da Jonas Vingegaard da Sepp Kuss, suka lashe gasannin Italiya da Faransa da Sifaniya duk a shekara guda. A ƙarshen wannan shekarar ta cin nasara, kamfanin shagunan Jumbo ya sauke sunansa daga rigar. In har wanda ya cinye duniya bai tsira ba, ina ga na baya?

Haka Qhubeka ta yi ta sauya suna kamar mai gudun bashi. Da sunan MTN-Qhubeka ta shiga gasar Faransa a 2015, MTN ɗin nan dai da muke saka katinsa a waya. A wannan shekarar ɗan Eritiriya Daniel Teklehaimanot ya saka rigar gwanin hawan dutse, abokin hawansa Steve Cummings kuma ya lashe zango ranar 18 ga Yuli, ranar tunawa da Nelson Mandela. Daga 2016 ta zama Dimension Data, a 2020 ta zama NTT, a 2021 ta ɗauki suna biyu cikin shekara ɗaya, sannan ta faɗi. Ko Biniam Girmay, wani ɗan Eritiriyan da ya lashe zango uku tare da koriyar riga a gasar Faransa ta 2024, nasararsa ba ta hana ƙungiyarsa ta Intermarché-Wanty narkewa cikin wata ƙungiyar ba a ƙarshen 2025. Wannan ba tsautsayi ba ne da ke faɗa wa mai ƙarar kwana. Haka ginin yake tun daga tushe, da tubalin toka aka yi shi.

Gemun ɗan'uwa

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce, ina ruwan biri da gada? Ai kuwa da ruwanmu, domin gemunmu ya riga nasu kamawa da wuta. Manyanmu na tuna Leventis United ta Ibadan da Abiola Babes ta Abeokuta, ƙungiyoyin ƙwallon da suka gagari kowa a shekarun 1980, suka kuma ɓace rana ɗaya da masu su suka ce sun gaji. BCC Lions ta Gboko ta ɗauko kofin Afirka a 1990, amma da kamfanin simintin da ya haife ta ya sauya hali sai zakin ya koma kyanwa. A Kaduna masaƙar UNTL ta riƙe ƙungiya. Da injinan masaƙa suka yi shiru, filin ma ya yi shiru. Raccah Rovers ta Kano yau sai a bakin dattawa. Ko ɗaya daga cikinsu ba a kashe ta a fili ba. A ofis aka kashe su, da alƙalami.

A fagen keke kuwa abin ya fi ban takaici. Ƙasar nan tana da katafaren zauren tseren keke a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina domin wasannin Afirka na 2003. Amma a 2024, da Ese Ukpeseraye ta zama ta farko daga Najeriya da ta yi tseren keke a wasannin Olamfik, a birnin Paris, sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta hau a tseren cikin zaure. Jami'ai sun yi bayanin cewa gurbin ya zo ne a ƙurarren lokaci. Na ji, na kuma yarda cewa haka aka yi. Sai dai hoton ba ya gogewa: 'yar ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200 tana wakiltar ƙasarta bisa keken aro. Da a ce ana neman tambarin da zai kwatanta halin wasanninmu, da an huta da nema.

Abin mamakin shi ne, mu ba baƙin keke ba ne. Kakanninmu sun kira shi dokin ƙarfe. Akwai zamanin da malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwa ba su da abin tinƙaho kamar Raleigh mai ƙararrawa, har kamfanin yana haɗa kekunan a Kano. Mu da muka taso a Zuru a kan kekunan haya muka koyi hawa, muna zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe saboda ba mu kai sirdi ba. Har gobe keke ne ke kai dawa da gyaɗa kasuwa daga ƙauyukan da mota ba ta shiga, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 rumfar kawuna ba ta sake rabuwa da jama'a ba. Ƙafafu muna da su, kekuna muna da su, tuddai kuwa Allah ya hore wa ƙasar Zuru. Abin da muka rasa shi ne yarda cewa za mu iya tsayar da abu ba tare da wani babba ya tsaya a kansa ba.

Namu na gida

Ga yadda na san haka. Ina saurayi, wani mai hali daga cikin 'yan garinmu da ke harin kujerar siyasa ya ɗauki nauyin tseren keke na samari. Shekara uku a jere ana yi bayan an gama girbi, a tashi daga cikin gari a miƙa hanyar Dabai a juyo. Na ɗaya ya sami sabon keke, na biyu rediyo, na uku turmin atamfa ya kai wa mahaifiyarsa. An raba mana riguna masu hotonsa gaba da baya, maroƙa suna wasa shi, mu kuma muna ganin mun tsinci dami a kala. Ni ne magatakardan kwamitin shirya tseren, aikina bai wuce rubuta wasiƙar godiya da jera kujerun manyan baƙi ba. Ban taɓa tambayar nawa ake kashewa ba, ba mu buɗe asusu ba, ba mu rubuta sunayen mahaya a littafi ba. Me zai sa mu wahalar da kanmu, ga maigida?

A cikin mahayan akwai wani abokina, siriri kamar sillen kara, wanda in aka zo hawan tudu sai ka rantse iska ce ke tura shi. Sau biyu yana zuwa na ɗaya bisa tsohon keken mahaifinsa marar giya. Ban ce da ya sami horo zai zama Girmay ba, domin wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne ba a taɓa gwada shi ba.

A shekara ta huɗu maigida ya sha kaye a zaɓen fidda gwani, ya tattara ya koma birni. Muka rubuta wasiƙa, shiru. Muka haɗa kuɗin mota muka bi shi, maigadi ya ce ya yi tafiya, alhali ga motarsa muna hange. Muka dawo muka zaga ofisoshi da gidajen masu kuɗi da takarda a hannu, kowa ya ce a dawo gobe. Girbi ya wuce ba a yi tsere ba, na gaba ma haka. Abokina ya sayar da keken da ya ci, ya cika kuɗi ya karɓi babur yana kabu-kabu. Yau in mun haɗu mukan gaisa, ba ma tayar da zancen.

Shekaru na yi ina ɗora laifin a kan mutumin nan, ina kiransa maci amana. Kawuna ne ya warkar da ni. Ranar da na karanta masa labarin Qhubeka na ce, “Kawu, ka ji, har a can ma haka masu kuɗi suke.” Bai ɗago kai daga tayar da yake wa faci ba, ya ce, “Kai yaro, mutumin nan ya ci amanar wa? Tallarsa ya saya, kuka sayar masa, da ciniki ya ƙare ya tafi. Ku da kuka zaga gari da takarda, kun taɓa tsayawa a rumfar nan kun ce, Kawu, kawo naka? Mu masu faci mun fi ashirin a garin nan. Kun raina kwabonmu ne kawai.”

Ban sami amsa ba, har yau kuma ban samu ba. Gaskiya ya faɗa. Ba mu nemi ceto tseren ba, sabon ubangida muka nema. Mun fi son mu durƙusa gaban mutum ɗaya ya ba mu dubu ɗari, da mu tsaya gaban mutum ɗari kowa ya ba mu dubu, domin na farkon ya fi sauƙi, ga shi kuma ana ɗaukar hoto.

Masu ja da ni

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Na farko za su ce butulci nake yi, domin ba don kamfanoni ba da babu wasan ƙwararru ko kaɗan. Ban musa ba. MTN ya kai 'yan Afirka inda ba su taɓa zuwa ba, mutumin garinmu ma shekara uku ya faranta mana rai. Ba ni da rigima da mai bayarwa. Rigimata da mai karɓa ce, wanda ya karɓi kyauta ya ɗauke ta gado. Kamfani ba uba ba ne. Yana da masu hannun jari, yana da shekarar riba da ta asara, yana da sabon shugaban da zai zo ya ce shi ƙwallon ƙafa yake so. Wanda ya yi fushi don kamfani ya janye, kamar wanda ya yi fushi ne don damina ta wuce. Mai hankali rumbu yake ginawa tun ruwa na zuba.

Na biyu za su ce to gwamnati ta karɓa mana. Ga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Kazakistan, duk da kuɗin ƙasa suke riƙe da manyan ƙungiyoyi, kuma ƙungiyar Daular Larabawa ce ke da Tadej Pogačar, gwanin wannan zamani. Haka ne. Amma gwamnati ma ubangida ce, ta ma fi kamfani saurin sauya fuska, domin a nan ƙasar duk shekara huɗu ake sake lale. Mun ga yadda ƙungiyoyin ƙwallon jihohi ke ƙiba in gwamna mai son wasa ne, su rame in ba shi ba ne. Aikin hukuma shi ne ta gyara titi, ta ba da jami'an tsaro da na kiyaye haɗurra da motar asibiti ranar tsere, ta saka keke cikin wasannin makarantu. In ta yi wannan ta fita haƙƙinmu. Mallakar wasan kuwa a bar wa masu shi.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi: za su ce karo-karon talakawa ba zai taɓa riƙe ƙungiyar da ke cin miliyoyin Yuro a shekara ba. Wannan gaskiya ce tsagwaronta. Amma a dubi yankin Bask na ƙasar Sifaniya. A 1994 masoya keke a can suka kafa ƙungiya ƙarƙashin gidauniyar Euskadi, jama'a na biyan kuɗin zama mamba. Daga baya kamfanin sadarwa na Euskaltel ya shigo, ƙungiyar ta hau sahun farko. A 2013 kuɗi suka yanke, babbar ƙungiyar ta rushe kamar sauran. Bambancin shi ne gidauniyar ba ta mutu ba. Ta ci gaba da renon yara, har a 2020 ta dawo sahu na biyu na ƙwararru, kamfanin ma ya dawo ya same ta. Qhubeka ta faɗi da sunanta, Euskadi ta faɗi ta tashi, domin ɗaya reshe ce aka dasa a tukunya, ɗaya kuma saiwarta na cikin ƙasa. Karo-karo ba ya sayen reshe mai tsawo, amma shi ke riƙe saiwa.

Haka abin yake a duk inda keke ya zauna da gindinsa. A Beljiyam ƙananan tsere ake yi a ƙauyuka ranar bikin gari, 'yan kasuwar unguwa su haɗa kyaututtuka, a yi ta zaga tituna kaɗan, kuma daga nan zakarunsu ke fitowa. A Asmara ta Eritiriya, ƙasar da ba ta kai mu arziki ba, jama'a ke cika bakin titi suna kallon 'ya'yansu, shi ya sa ta haifi Teklehaimanot da Girmay. Burkina Faso na gudanar da gasar zagaye ƙasarta tun 1987. Ruwanda ta raini tata gasar har ta kai ga karɓar baƙuncin gasar cin kofin duniya a Kigali a watan Satumban 2025, karo na farko a nahiyar Afirka. Kuɗin waje sun taimaka a wasu daga cikin waɗannan wurare, amma sun tarar da jama'a a tsaye ne.

Na huɗu za su ce, kai wane irin marar tausayi ne da kake zancen keke alhali 'yan bindiga sun hana mutanen Danko/Wasagu da Sakaba barci, manoma sun bar gonakinsu, an cika garin Zuru da 'yan gudun hijira? Wannan magana tana yi mini ciwo, domin waɗanda ake kashewa 'yan'uwana ne. Ba zan yi ƙaryar cewa tseren keke zai kori ɗan bindiga ba. Amma ina tambaya: samarin da suka baro ƙauyukansu suke zaune a bakin tasha ba aiki ba makaranta, wa ke kiransu da sassafe ya ce su fito? In mu ba mu kira su ba, akwai masu kira. Kuma garin da ya daina taruwa don murna, ya koma taruwa don makoki kaɗai, ya miƙa wa maharan abin da ba su ma roƙa ba. Ba sai an shiga daji ba. Zagaye na kilomita biyu ko uku a cikin gari, a maimaita shi sau goma, ya isa tsere.

Guntun gatarinka

Mu Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, ba mu da uzurin cewa ba mu san hanya ba. Al'adarmu ta golmo, inda samari ke haɗa ƙarfi su yi wa surukin ɗayansu noma shekara da shekaru, ba ta taɓa jiran attajiri ba. Bikin Uhola da kokawar da ake yi a cikinsa sun girmi kowane kamfani da kowace gwamnati, kuma ko yau aka janye kujerun manyan baƙi za a yi Uhola, domin na masu shi ne. Maƙwabtanmu Hausawa suna da gayya, iyayenmu mata suna da adashe. Abin kunya ne a ce jikokin masu golmo ne ke yawo da takardar bara don su yi tseren awa biyu.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma da kaina zan fara tunda ni na yi sakacin farko. A kafa ƙungiyar keke mai sunan gari, sunan da ba na sayarwa ba ne ko nawa aka taya. A buɗe rajistar mambobi: masu faci, masu sayar da kayan keke, malaman makaranta, tsofaffin sojojin da Zuru ta yi suna da su, ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke garin, da 'yan Zuru mazauna Kaduna da Abuja da Legas. In mutum 300 suka ba da naira 500 kowane wata, an sami naira 150,000 a wata, wato miliyan 1.8 a shekara. Ba za ta kai kowa Faransa ba, amma za ta sayi hulunan kwano da tayoyi da kyaututtuka, ta biya kuɗin motar yaro ɗaya ko biyu zuwa gasar ƙasa. A karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku, domin abin da ke kashe karo-karo a wurinmu shi ne ma'ajin da ba a tambaya. A tsayar da ranar tsere a lokacin Uhola, a bai wa kowace daga cikin masarautu biyar, Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, damar kawo mahayanta, maza da mata. Sannan a rubuta doka guda da ba za a taɓa ta ba: babu mutum ko kamfanin da gudummawarsa za ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin shekara. Mai son talla ya zo, muna maraba, a ba shi hannun riga. Ƙirjin rigar na gari ne.

Wannan dokar ita ce kuma maganin manyan can, sai dai a faɗaɗa ta. Muddin masu gasa ba su raba kuɗin talabijin da ƙungiyoyi ba, muddin ba a ƙayyade abin da ƙungiya za ta kashe a shekara ba don kada masu rijiyar mai su sayi kowa, muddin ƙungiya ba ta da gari da mambobi da sunan da zai wuce kwantiragin shekara biyu, to za a ci gaba da jin irin labarin Qhubeka duk ƙarshen shekara, a yi jimami na mako ɗaya a manta.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Janyewar ubangida ba ita ce ajalin wasa ba, ita ce ranar da ake gane ko wasan yana da masu shi. A Zuru an yi mana wannan jarrabawa mun faɗi, abokina ne kuma ya biya kuɗin faɗuwar da ƙuruciyarsa. Ba na son a sake yi wa wani yaro haka.

Na sayi littafi mai bango mai kauri, na ja layi, na rubuta sunayen mambobi a shafin farko. Suna na ɗaya na kawuna ne. Ya ciro naira 500 daga gwangwanin da yake tara kuɗin faci, duk ta yi baƙi da man keke, ya miƙo mini ya ce in rubuta masa rasit. Na rubuta. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.